Tebur Mai Ƙwaƙwalwa da Mu 'Yan Saman Shafi

Na'urori biyu aka nuna wa duniya a shekarar 2007, watanni kaɗan tsakaninsu, kuma dukansu da yatsa ake sarrafa su. A watan Janairu kamfanin Apple ya fito da wayar iPhone. Ranar 30 ga Mayu kuma kamfanin Microsoft ya nuna wani tebur da ya raɗa wa suna Surface: gilashi ne mai faɗin inci 30 a kwance, mutane su kewaye shi, kowa ya miƙa hannu ya taɓa abin da yake so, shi kuwa ya amsa wa kowa a lokaci guda. Jikokin ta farkon ne a aljihun samarinmu yau, daga Dogon Daji har Kuchi. Na biyun bai kai ga kasuwanninmu ba. Amma ni shi ne ya tsaya mini a rai, kuma dalilin haka ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

A waccan shekarar ina koyarwa a wata sakandare a ƙasar Kebbe, kuma ni ake aikawa Sakkwato idan lokacin rajistar jarrabawa ya zo, domin an mayar da ita ta intanet alhali mu ko wutar kirki ba mu gani. Sai in yi asubanci in fito Tambuwal, in tari motar da ta taso daga Jega, mu bi ta Shagari da Boɗinga, in isa birni da hantsi rungume da ambulan ɗin hotunan ɗalibai. A irin wannan zuwa ne, muna zaune a shagon intanet sabis ya ɗauke, yaron shagon ya yafuto ni. "Malam, taho ka ga wani abu kafin ya dawo." Wani ɗan bidiyo ne da ya sauke ya adana. An ajiye kyamara a kan tebur, sai ga hotunan cikinta sun zubo kan gilashin sun warwatsu. Wata ta sa yatsu biyu a kan hoto ɗaya ta buɗa su, hoton ya girma, ta juya shi ta tura wa na gabanta. Yara na zane, launi na bin duk inda yatsa ya bi. Masu kallo tare da ni sai salati suke. Ni kuwa hannuwan nake kallo, na mutane daban-daban, suna aiki wuri ɗaya ba wanda ya jira wani.

Duk kwamfutar da na sani kafin ranar ta mutum ɗaya ce. Kujera ɗaya, madannai ɗaya, mai aiki ya ba jama'a ƙeya. A ofisoshi haka take, lulluɓe da zane saboda ƙura, a ɗakin da ba kowa ke shiga ba. A shagunan buga takardu ma, kai mai takarda kana tsaye bayan mai bugawa, kana nuna kuskure daga nesa, yana ce maka kada ka taɓa gilashin. Sai ga wadda ta kwanta tana jiran kowa ya matso. Irin wannan zama na san shi, a cikinsa na tashi.

A Tambuwal aka haife ni, garin Buhari ɗan Shehu, kuma a ƙofar gidanmu akwai dogon yaro da dattawa ke zama ƙarƙashinsa da rani bayan la'asar, lokacin da gero da dawa sun shiga rumbu, hannu ya sami hutu. Nan ake dara. Ba a sayen komai. Wani ya share ƙasa da tafin hannu, ya tona gurabe 30 da bakin dutse, layi 5 kowanne gurbi 6. Wannan ya karyo kara 12, wancan ya tsinto tsakuwa 12. Da farko a yi ta kasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba a lokacin. Idan an gama sai a fara turawa gurbi ɗaya-ɗaya, gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasansa guda. Mutum biyu ke wasa, amma goma ne a kanta, wasu a tsugune, wasu sun dafa gwiwa, kowa na ganin abin da kowa ke gani, kowa da shawararsa. Mu yara muna leƙe ta tsakanin kafaɗu. Ranar da ɗoki ya ɗebe ni na miƙa yatsa zan nuna wa kawunmu gurbin da zai ci, wani tsoho ya kama wuyan hannuna a hankali ya ce, "Hwaɗi da baki, ɗana. Mai dara shi ka taɓawa." Doka ce da ba a rubuta ba, kuma ita ta sa mutum goma ke iya zama kan wasa ɗaya har magariba ba a tashi baram-baram ba. Shekaru da yawa bayan haka na tarar injiniyoyi sun sha fama da wannan tambaya: idan hannuwa sun yi yawa a fili ɗaya, na wa za a bi?

A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, zamanin mulkin Obasanjo, kuma da ayarin farko aka kwashe mu. Yara suka fi ƙarfin azuzuwa, balle benci, balle littafi. Idan lokacin karatu ya yi, malam ya raba mu gungu-gungu a ƙasa, ya ajiye littafi ɗaya a tsakiyar kowane gungu. Manya su kame gindin littafin, inda baƙaƙe ke tsaye daidai. Matsakaita su samu gefe, su karkata wuya. Mu ƙanana sai can saman shafi, inda komai ke kife. Ta nan na koyi boko. Na san harafi a kife kafin in san shi a tsaye, kuma har gobe idan na zauna gaban teburin wani ina iya karanta takardar da ke gabansa ba sai an juyo mini ita ba. Akwai wahala a ciki: da yawa cikinmu sun daɗe suna rikita n da u, da d da p, wasu sun sha bulala a kan laifin da na wurin zamansu ne. Amma akwai abin da gungun nan ya ba mu. Idan ka yi tuntuɓe a kalma, yatsan na kusa da kai ya riga ya sauka a kanta, bakinsa ya raɗa maka kafin malam ya ji. A makarantar allo ma da'ira muke yi da dare, kewaye da wutar kara, sai dai can kowa da allonsa a cinya. A gungun littafi ɗaya ne na fara sanin karatun da ake yi da hannun wani.

Da na gama kwalejin ilimi ta Sakkwato, wadda ke ɗauke da sunan Shehu Shagari yanzu, aka tura ni wata firamare a yankin Kebbe a farkon shekarun 1990. Allon ajina siminti ne da aka shafa a bango. Idan ya koɗe sai mu fasa matattun batiran rediyo, mu kwaɓa baƙin cikinsu da ruwa da ɗanyen ganye, yara su shafe shi da tsumma ranar Juma'a, ya bushe kafin Litinin. Allon bango na da amfani, amma hannu ɗaya yake ɗauka, na mai riƙe da alli, saura su zuba ido. Lissafin da ya gagara a bango sai in fitar da yara gindin bishiya, in raba su biyar-biyar, kowane gungu ya share ƙasa ya tara tsakuwa. Rabawar da ta ƙi shiga kai tun safe, sai ka ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba tana kasa tsakuwa 12 gida uku, tana gyara wa na gefenta kuskure. Daga ƙofar gidanmu na ɗauko wannan dabara.

Bayan bidiyon nan na shiga bin diddigin teburin duk lokacin da na samu intanet, sai na tarar tafiyar ta faro da nisa. Gilashin da ke jin taɓawa tun 1965 wani injiniya, E. A. Johnson, ya bayyana shi a cibiyar binciken rada ta Malvern a Ingila, don masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, sai dai yatsa ɗaya yake ji. A shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka yi mai jin yatsu da yawa. Shi kuwa tebur kansa, a daidai lokacin da nake kwaɓa baƙin batir a Kebbe aka fara shi. A 1991 Pierre Wellner, a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Kambirij ta Ingila, ya rataya kyamara da majigi a saman teburin ofis na yau da kullum. Majigi na haska hoto a kan tebur, kyamara na kallon hannu da takarda. Ka nuna wata lamba da yatsa a jikin takarda ta gaske, sai ta shiga kalkuletar da aka haska a gefe. Ya kira shi DigitalDesk. Tunaninsa ya kwanta mini: maimakon a tilasta wa mutum ya bar teburinsa da takardunsa, a kawo masa kwamfutar inda hannunsa ya saba.

Wanda ya fi kama hankalina shi ne na 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Najeriya muna jin labarinta a rediyo. Paul Dietz da Darren Leigh, a ɗakin binciken Mitsubishi da ke ɗaya Kambirij ɗin, ta jihar Massachusetts a Amurka, suka ƙera tebur mai suna DiamondTouch. Sun shimfiɗa siraran eriya a ƙarƙashin fuskar teburin, kowace na fitar da wata sigina mai rauni wadda jiki ba ya ji. Idan ka taɓa, siginar ta bi ta jikinka ta sauka cikin na'urar da ke kujerar da kake zaune. Ta haka tebur ke sanin inda aka taɓa, ya kuma san wanda ya taɓa. Mutum huɗu su sa hannu tare, ya ware aikin kowa. Ana iya gaya masa cewa wannan abu wane kaɗai zai motsa shi, wancan kuma sai duka sun taɓa tare. Da na fahimci haka sai na tuna tsohon da ya riƙe mini hannu. Abin da ya yi da ladabi, su sun yi shi da waya da lantarki.

Matsalar kifaffen rubutu ma ta same su. Kwamfutar da ke tsaye tana da sama da ƙasa, tebur kuwa saman wani ƙasan wani ne. A wannan ɗakin bincike na Mitsubishi, Chia Shen da abokan aikinta suka fitar da manhajar DiamondSpin a 2004, wadda ke juya takarda ta fuskanci wanda ya jawo ta gabansa. Na daɗe shiru da na karanta wannan, ina tuna mu 'yan saman shafi. A shekarar dai, Stacey Scott da abokan bincikenta a Kanada suka zauna suna kallon yadda mutane ke aiki a tebur na katako, suka lura kowa na ware gabansa a matsayin nasa, tsakiya ta zama ta kowa, gefe kuma wurin ajiya, ba tare da an yi shawara ba. Duk wanda ya ci tuwo akushi ɗaya da yayyensa ya san wannan tsari: ka ci gabanka, naman tsakiya sai babba ya raba.

Daga nan abin ya yi rassa. A Basalona ta Sifen, Sergi Jordà da abokansa suka yi Reactable, zagayayyen teburin kiɗa da ake ɗora wa wasu 'yan dunƙulallun abubuwa, a juya su sauti ya canza. A Fabrairun 2006 Jeff Han na Jami'ar New York ya nuna hanya mai araha: a cusa haske ta gefen gilashin roba ya maƙale a ciki, duk inda yatsa ya sauka hasken ya tsere, kyamara ta gani. Shi kuwa Surface, tun 2001 Steven Bathiche da Andy Wilson suka fara tunaninsa, kuma samfurin farko da aka nuna wa Bill Gates a 2003 da teburin kantin IKEA aka haɗa shi, aka huda samansa. Wanda ya fito kasuwa yana da majigi a cikinsa yana haskowa daga ƙasa, da kyamara 5 masu ganin irin hasken da idon mutum ba ya gani. Yana iya bin taɓawa fiye da 50 a lokaci guda.

To me ya hana shi yaɗuwa? Kuɗinsa ya haura dala 10,000, fiye da naira miliyan 1 a canjin wancan lokaci, abin da malamin firamare zai yi shekaru bai tara ba. Ga shi ba ya son hasken rana, domin yana rikita kyamarorinsa. Kawo shi ƙasar tamu, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati a kulle, ka ga kwana nawa zai yi. Amma a ganina inda aka kai shi ya fi komai kashe shi. A 2008 shagunan kamfanin waya na AT&T aka fara ajiye shi, sai otal-otal da gidajen caca, inda mutum zai ɗan yi wasa da shi ya wuce. Abin da ya dace da mutanen da ke da aiki tare, sai aka ba baƙin da ba su san juna ba. A 2012 Microsoft ya cire sunan Surface daga teburin ya ba wata kwamfutar hannu ta mutum ɗaya. Teburin da ya saura, mai inci 40 da Samsung ke ƙerawa, aka koma kiransa PixelSense, daga baya ya ɓace daga kasuwa. Wannan sauyi ya yi mini ciwo, domin ya nuna inda ciniki ya karkata. Na'urar da mutum goma za su raba sau ɗaya ake sayenta, wadda kowa zai riƙe tasa kuwa sau goma.

Masu harkar koyarwa ba su sake shi da wuri ba. Kamfanin SMART na Calgary a Kanada ya fitar da teburin yara a 2008. A Jami'ar Durham ta Ingila kuma an gina aji guda na irin waɗannan tebura, a shirin SynergyNet, ana kawo 'yan firamare ana nazarin yadda suke lissafi tare, kuma sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka yi aiki a teburin sun fi na takarda iya ƙirƙiro hanyoyi daban-daban na isa ga amsa. Irin teburin yaran nan na taɓa da hannuna a wani baje kolin kayan koyarwa a Abuja. Gajere ne, gilashinsa da ɗumi. Mu huɗu muka tsuguna, ni da wasu malamai mata biyu da wani malami daga Kudu, a kan wasan ware tsuntsaye daga sauran dabbobi. Da muka gama sai ya ƙi wucewa gaba. Mai nunin ya ce sai kowannenmu ya danna alamar da ke gabansa, shaidar ya yarda da amsar. Ɗaya daga cikin matan ta janye hannunta, ta ce ita ba ta gamsu da inda aka sa jemage ba. Dole muka tsaya muka saurare ta, aka yi muhawara, sannan tebur ya sake mu. Har na iso gida ina tunanin yaran bayan aji, waɗanda kullum amsa ke wucewa ta kansu don wani mai baki ya riga su. Ga na'urar da ba ta motsi sai ta ji daga na ƙarshe.

Abin da ya iso mana ta wata ƙofa ya shigo. A rajistar masu zaɓe ta Janairun 2011, lokacin Farfesa Attahiru Jega, ɗan maƙwabtanmu, na shugabantar hukumar zaɓe, an kai kwamfuta da na'urar ɗaukar zanen yatsa har ƙauyukan da mota ke shan wuya kafin ta kai, sannan a zaɓen 28 ga Maris 2015 aka zo da na'urar tantance kati. Tsofaffinmu da yawa a waɗannan layuka suka fara ɗora yatsa na'ura ta amsa musu. A 2015 ɗin dai hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Na raka ɗalibai, na ga yaron da ya haddace littafin kimiyya yana gumi saboda linzamin kwamfuta: hannu na nan, kibiya na can, ya rasa yadda zai haɗa su. A 2017 hukumar ta kawo tsarin madannai 8 domin wanda bai saba da linzami ba ya iya amsawa. Yaron nan kuwa ka miƙa masa wayar shafawa, ba mai koya masa komai, yatsa ne ke sauka kan abin da ido ke kallo. Wannan sauƙin shi ne abin da binciken tebur da danginsa ya haifar, kuma ya iso Kebbe a cikin Tecno da itel da Infinix, ana cajinsu a shagon mai sola.

Sai dai mutanenmu ba su karɓi wayar yadda aka ƙera ta ba. An yi ta don ido biyu da hannu ɗaya, su kuwa suka kwantar da ita. Je ka wurin mai shayi a tashar Tambuwal bayan isha'i. Za ka ga waya ɗaya kwance a benci, samari huɗu sun kewaye ta suna ludo, kowa da kusurwarsa da launinsa, wasu a tsaye suna zuga. Manhajar Ludo King da wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016 tana da tsarin da mutum huɗu ke wasa a waya guda, kuma shi nake yawan gani a majalisunmu. Tebur mai ƙwaƙwalwa ne suka haɗa wa kansu, mai faɗin tafin hannu.

Inda na ga iyakar wannan dabara shi ne wajen rabon gadon wata gona ta danginmu a fadamar Gulbin Zamfara. Magada sun taru a zaure, wasu tsofaffi ne da tafiya gonar da damina za ta wahalar. Ɗan ƙanena ya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarsa, ya nemo wurin, ya ajiye a tsakiyar tabarma. Kowa ya sunkuyo. Ga gulbi ya lanƙwasa, ga burtali, ga duhun kukar da kowa ya san ita ce iyakar gabas. Baffanmu, wanda ke noma wurin tun kafin a haife ni, nan take ya gane ta. Murna ta kama shi, ya dangwala yatsa ya ja don ya nuna inda iyakar ta bi, sai duk hoton ya zame. "Subhanallahi, gonar ta gudu!" in ji shi. Aka yi dariya, yaron ya dawo da ita. Wani ya sa hannu daga can, wani daga nan, waya ta ɗauka mutum ɗaya ne ke buɗa yatsu, ta zuƙo hoton har ya dushe. Daga ƙarshe yaron ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku nuna daga sama, ni in riƙa taɓawa." Haka aka yi, dattawa na yawo da yatsa a iska, yaro ɗaya na aiki. An raba gonar lafiya, an shafa fatiha. Amma ina zaune ina ganin ainihin wurin da teburin Dietz da Leigh ya dace: zaure irin wannan, mutane masu haƙƙi a abu ɗaya, kowa na bukatar ya ja layinsa a gani, a kuma san layin wane ne.

Tun da gwamnatin jihar Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a ƙarshen 2015, zamanin Aminu Waziri Tambuwal, hirar ɗakin malamai ta riƙa komawa kan kayan zamani. Yawancin abokan aikina allon bango mai lantarki suke buri, wanda ake taɓawa, irin na makarantun zamani da hukumar UBEC ta gina a jihohi daga baya. Ina ganin kyansa, amma allon bango ne dai: malam a gaba, yara na kallo. Abin da nake roƙo bai kai shi tsada ba. Faffaɗar kwamfutar hannu ɗaya ga kowane gungu, da ƙaramar sola, da manhajar Hausa wadda ba ta wucewa sai kowane yaro ya danna kusurwarsa. Matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato za su iya wannan, domin ilimin abin an yi shi an rubuta fiye da shekara 20 da suka wuce.

Kafin a samu, ina yin abin da ya sawwaƙa. Akwai tsohuwar kwamfutar hannu da ɗiyata ta bar mini, gilashinta ya tsage a kusurwa. Yaran unguwa na zuwa karatu ƙofar gidana da yamma, in shimfiɗa tabarma in ajiye ta a tsakiya, su zauna biyar-biyar. Na kashe abin da ke sa hoto ya juya da kansa. Dokokinmu biyu ne: wanda layi ya zo kansa shi ke taɓawa, saura su faɗa da baki, kuma bayan kowane shafi sai a juya ta ta fuskanci na gaba, don kada wani ya dawwama yana karatu a kife. Ƙaramarsu, 'yar aji biyu, ita ta fi kowa tsare ta biyun, kuma kwanan nan ta fara neman a ƙara ta uku, cewa wanda ya yi kuskure na kusa da shi ne zai gyara masa, ba ni ba. Na ce mata mu gwada zuwa ƙarshen wata.